Mai Kunne da Hitar Gidan Auta

Duk wanda ya taɓa kiransa gyara ya san abin da yake fara zarowa daga jaka. Wata doguwar sukundireba ce mai mariƙin katako, wadda gumin hannu ya mayar baƙa wuluk. Sai ya ɗora tsininta a jikin hitar da ke rataye a bangon banɗaki, ya manna mariƙin a kunnensa na dama, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Nan take gidan zai yi tsit, har jariri mai kuka sai uwarsa ta fice da shi waje. In ya buɗe ido sai ya faɗi ciwon hitar kamar ita ce ta raɗa masa. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Kunne.

Da gyaran famfo ya fara. Lokacin da aka soma rataya hita a gidaje, masu gyaran famfo suna tsoron wuta, masu gyaran wuta suna ƙyamar ruwa, shi kuwa ya tsaya a tsakiya ya ci kasuwarsa. Yana da karatun da yake yi wa kowace matar gida, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Hita, in ji shi, abu uku gare ta. Akwai elemen mai dafa ruwa. Akwai mai gadi, wani siririn ƙarfe da ke katse wuta in ruwa ya kai zafinsa. Sai hanci, ɗan bawul ɗin nan na ƙasa da take fitar da numfashi in cikinta ya cika. In mai gadi ya yi barci, hanci zai cece ka. In hanci ya toshe, mai gadi zai cece ka. In kuwa suka tafi tare, to kwashe iyalinka ka bar wa maƙwabta ba da labari.

Lafiyayyar hita, a wajensa, tana kuka ne kamar ƙudan zuma daga nesa. Wadda datti ya cika wa ciki tana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wadda ruwanta ya wuce iyaka kuwa gurnani take, irin na cikin da ya ci abin da bai karɓe shi ba.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi sannu a hankali. Tsuntsaye suka fara yin shiru, sai kiran matarsa daga kicin, sai ƙarar waya. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi karanta leɓe. Ya miƙa wa matarsa wayar, wai babban mutum ba ya rasa sakatariya. Ya kuma gano cewa kalma biyu sun isa mutum ya rayu a cikin jama'a: in fuskar mai magana a sake take, sai ya ce madalla, in a murtuke take, sai ya ce assha. A wajen aiki bai daina ɗora sukundireba ba, amma yanzu ido yake lumshewa rabi, yana satar kallon tsatsa da shekarun hitar da bakin matar gida. Yawanci yakan dace.

Yakan gaya wa kansa cewa saboda iyali yake ɓoyewa. Ba gaskiya ba ne, 'ya'yansa sun girma, babu mai jiran tuwonsa. Abin da ba zai iya saki ba shi ne shirun nan da ke sauka in ya ɗaga yatsa, lokacin da mutumin da ba zai amsa masa sallama a titi ba yake tsayawa a ƙofar banɗakinsa da hannu a baya, yana jira. Ya kuma san bencin da ke gaban shagon kayan famfo, inda tsofaffin masu sana'a ke wuni suna gyara aikin da ba a ba su ba. Ya rantse a ransa ba za a matsa masa wuri a bencin nan ba.

Matarsa ta sani. Autarsu, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ma ta sani. Ba wadda ta taɓa furtawa. Sai dai suka koyi zagayowa gabansa kafin su yi magana, suna buɗe baki sosai kamar haka Allah ya yi su. Auta ta taɓa kawo masa mitar gwada wuta a matsayin tsaraba, ya yi godiya, ya jefa ta ƙasan jaka da ledarta. Mijin Auta kuwa, wani salihin mutum mai aiki a gidan burodi, ba a gaya masa ba. Ba a kwance wa uba zani a gaban suruki.

Da hitar gidan Auta ta fara rigima, ruwa na fitowa da zafin da ya wuce misali, tana gurnani, tana ɗiga ta ƙasa, uwar ce ta ce a kira shi. Ta ce an kwana biyu ba a neme shi aiki ba, ya zauna a gida yana neman faɗa da ƙyauren ƙofa. Auta ta san abin da ta sani, ta kuma san wani mai gyaran a bayan asibitinsu. Amma in labari ya kai wa babanta cewa bare ya taɓa hita a gidan 'yarsa, ta san da ta mare shi ya fi masa sauƙi. Ta ce to, ya zo.

Gidan a saman bene yake, ɗaki biyu da falo. Banɗakin siriri ne, in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, hitar kuma tana rataye daidai saman inda ake ajiye bahon wankan jikarsa. Yarinyar ba ta isa shiga makaranta ba tukuna. Amaryata yake ce mata, ita kuma kullum tana fasa auren saboda hannunsa na warin tsatsa. Ran nan ma sai da ta fasa, ya ce zai kai ƙara wajen uwarta. Auta ta tsaya a gabansa ta yi masa bayani, ya tsinci zafi da gurnani a leɓenta. Ba ta ambaci ɗigar ba, don tun jiya ta tsaya. Ta kunna masa hitar ta wuce kicin.

Ya ɗora sukundireba, ya ɗaga yatsa. Babu komai. Shiru irin na tsohuwar rijiya. Ya ƙara danna mariƙin har kunnen ya yi zafi, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya san shirun nan ɗayan biyu ne, ko na hitar ko nasa, kuma ba shi da hanyar rabewa.

A lokacin ne surukin, wanda ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a sunkuye, ya yi magana da muryar da ake yi wa uban mata magana, ƙasa ƙasa. Ya ce akwai wani ɗan baki a ƙasan hitar da ke ɗiga ruwa, har yarinyar ta zame ta faɗi, shi ne jiya ya sayo murfin ƙarfe mai zare ya ɗaure wurin tam, yana fatan bai yi karambani ba. Abin da Mai Kunne ya gani kawai shi ne tsakiyar kai da haɓa na motsi. Ya san an yi masa magana, ya san bai ji ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da sani, da a ce zai iya cewa maimaita. Ya dubi sunkuyayyen kan nan, ya auna, ya ga alamar mai neman yabo ne.

"Madalla," ya ce. "Allah ya yi albarka."

A da, kafin ya bar kowace hita sai ya durƙusa ya leƙa hancinta, ya ɗaga ɗan hannun bawul ya ga ruwa ya fito. Ran nan bai durƙusa ba. Ƙasa a bushe take, ya ɗauki hakan alamar lafiya, kuma ga suruki na kallo, yana so ya gama da kunne kaɗai kamar yadda ake ba da labarinsa. Ya buɗe murfin ƙasa, ya murɗa mai gadi baya kaɗan, ya ce datti ne ya taru, ba wani abin damuwa. Ya sha lemon da aka kawo masa ya tafi.

Abin da ya rufa asiri shi ne ɗabi'ar Auta. Da asuba take kunna hitar na ɗan lokaci, ta kashe kafin ta fita aiki. Ruwan bai taɓa samun sararin kaiwa inda yake son kaiwa ba.

Mai Kunne kuwa tun da ya dawo bai samu sukuni ba. Tafin hannunsa ya riƙe wani abu da kansa ya ƙi karɓa: jikin hitar ya fi yadda ya kamata ɗumi, kuma akwai wata 'yar rawa da ta bi ta mariƙin ta shiga ƙashin muƙamuƙinsa. Yakan tsaya da loma a hannu yana tunanin ta. Ya sa takalmi da niyyar komawa, ya cire. In ya koma me zai ce? Mai Kunne ba ya sauraron hita sau biyu. Ya riƙa tambayar matarsa ko Auta ta kira, in ta ce lafiya suke sai ya ji sanyi na ɗan lokaci, sannan abin ya dawo.

Wani hantsi matarsa tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi tana ba shi labari. Iya, uwar mijin Auta, ta zo jiya za ta kwana biyu. Gwiwoyinta sun matsa mata, ta ji daɗin ruwan zafin gidan, har ta ce ita kam ba za a riƙa kashe mata shi ba, wuni za ta yi tana gasa ƙafa. Shi kuma surukin sai murna yake, yana gaya wa kowa Baba ya sa wa aikinsa albarka.

"Wane aiki?"

Ta ajiye farantin. Ta matso daf da shi, ta faɗa a hankali, kalma bayan kalma: wurin nan da ke ɗiga, shi ne ya toshe da murfin ƙarfe.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ce ta kira Auta. Wayar Auta a kashe, tana ɗakin marasa lafiya. Ta surukin tana ta ƙara a cikin akwatin ajiyar kaya na gidan burodi, ba mai ɗauka. Lambar Iya ba su da ita. Ya saɓi jaka ya turo babur ɗinsa, wanda ya daɗe ba ya hawa babban titi da shi, wai gwiwa. Matarsa ta riƙe kan babur ɗin da hannu biyu.

"Malam, ba ka jin hon."

Shekara da shekaru ana zagaye maganar nan kamar rami a tsakar ɗaki, yau ta taka ta. Ya dube ta, ta dube shi. Ba ta jira amsa ba, ta ja mayafi daga igiya ta hau bayansa. Ta ce in ta danna kafaɗar dama mota ce ta dama, in ta hagu ta hagu, in ta damƙe duka biyun ya tsaya cak.

Haka suka ratsa gari. Motoci na wucewa ta gefensa ba sauti, kamar kifaye. Yatsunta na nutsewa a kafaɗarsa, dama, hagu, dama. A wata mararraba ta damƙe shi har sai da ya ji farcenta ta cikin riga, wata babbar mota ta shafa gabansu, direban ya leƙo yana zazzaga abin da Mai Kunne ya gode Allah bai ji ba. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya yake: in Iya ta kunna tun fitar Auta, yanzu ruwan ya daɗe da wuce tafasa, kuma ba shi da ƙofar fita.

Iya ta daɗe kafin ta buɗe, tana jan ƙafa. Ta washe baki ta fara jero gaisuwa, ya gida, ya gajiya, ya ratsa ta gefenta ko amsawa bai yi ba, abin da bai taɓa yi wa surukuwa ba. Tun daga falo ya ji abin a tafin ƙafarsa, wata rawa siririya da ke bin siminti. Ƙofar banɗakin a buɗe take. Jar fitilar hitar na ci. A ƙarƙashinta Amaryarsa na zaune cikin busasshen baho da 'yar tsanarta, tana jiran wanka, don Iya ta ce famfon na tofar da tururi, a bari ya huce tukuna.

Ya sunkuce ta da hannu ɗaya, ɗayan ya kashe makunnin da ke bakin ƙofa. Ya miƙa ta ga matarsa, ya ce su sauka ƙasa dukansu, har Iya, su tsallaka titi. Iya ta fara tambayar ko lafiya, matarsa ta kama hannunta ta ja. Ya je ya sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Sannan ya shiga kicin, wanda famfonsa na zafi daga hitar yake sha kuma ya fi nisa da ita, ya naɗe hannu da jiƙaƙƙen tawul, ya raɓe gefe, ya murɗa kan famfon kaɗan.

Famfon ya yi tsalle a mazauninsa. Farin tururi ya feso, ya cika kicin har ya daina ganin taga. Daga baya matarsa ta ce tun daga tsallaken titi suna jin ihun abin, kamar ana yanka ƙarfe. Shi yana tsaye a tsakiyarsa, tawul na ƙona masa hannu, bai ji ko ƙis ba. Bai san ko abin na raguwa ko ƙaruwa yake ba. Sai ya manna bayansa da bango yana jin rawar, yana jira ta lafa ko ta tashi da shi. A hankali ta lafa. Tururin ya koma tofi, tofin ya koma ruwa.

Bai taɓa hitar ba sai da rana ta karkata, jikinta ya huce. Ya rufe ruwan shiga, ya tsiyaye na cikinta, ya durƙusa inda ya kamata ya durƙusa tun ran nan. Ga murfin nan sabo fil, an naɗa masa farin tef da kyau, an ɗaure shi da dukan ƙarfin mai son a yaba masa. Ya kwance shi. Ya zaro mai gadi, ya tarar bakinsa ya ƙone ya manne, ko ka murɗa shi baya har ƙarshe ba zai katse komai ba. Ya laluba ƙasan jaka ya ciro mitar Auta, ya yage ledarta, ta tabbatar masa da abin da ido ya gani. Elemen ɗin kuwa farin datti ya lulluɓe shi kamar ɓawon ƙwai. Ya kankare shi, ya wanke cikin tankin, ya taka da ƙafa zuwa shagon kayan famfo ya sayo sabon mai gadi da sabon bawul. Mutanen benci suka yi masa magana, ya ɗaga musu hannu kawai.

Yana cikin ɗaurawa surukin ya iso, garin fulawa har a girarsa. Tun daga matakala Iya ta tare shi, ta ce da karambaninsa ya kusa dafa ta da jikarta kamar kaji, wa ya aike shi taɓa abin da bai gada ba. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar banɗakin, daidai inda ya tsuguna ran nan, kansa a ƙasa, haɓarsa na motsi. Haƙuri yake bayarwa.

Mai Kunne ya juya murfin ƙarfen a tafin hannunsa. Ya san mutumin nan. Ko za a yanka shi ba zai ɗago ya ce Baba ai na gaya maka ba. Zai ɗauki laifin ya rataya a wuya har ƙarshen ransa, Iya za ta riƙa tuna masa duk zuwa, labari kuma zai bazu cewa Mai Kunne daga gidansa ya jiyo hitar 'yarsa na shirin fashewa. Sunansa zai fi da girma. Abin da ake nema daga gare shi kawai shi ne ya ce assha, a kiyaye gaba. Kalmar ta zo har bakinsa. Ya daɗe yana riƙe da ita, fiye da yadda zai so a sani. Sai idonsa ya sauka kan bahon da har yanzu ke ƙarƙashin hitar, 'yar tsanar na kwance a ciki.

"Ɗago kanka, ɗana. Dube ni."

Surukin ya ɗago da ƙyar, idonsa na gudun na tsohon.

"Ran nan ka gaya mini ka toshe wurin nan?"

"Na faɗa, Baba."

"Ban ji ba. Na sa maka albarka a kan abin da ban ji ba. Kunnuwan nan sun daɗe da mutuwa. Daga yau in za ka yi mini magana, ka dubi fuskata, ka bar kunyar nan, ta kusa cinye mana yarinya."

Ya faɗe ta da ƙarfi, don bai san iya ƙarfin muryarsa ba, har falo aka ji. Iya ta kama baki. Surukin ya yi sororo. Amma Auta, wadda ta shigo da farin kayan aikinta tana tsaye a lungu da yarinyar a kafaɗa, ba mamaki a fuskarta, hawaye ne kawai da wani abu mai kama da nata laifin. A nan ya gane ita ma ta sani, ta kuma kira shi duk da haka. Tsawon lokacin nan yana wasa ne a gaban 'yan kallon da suka san ƙarshen wasan, suna tafa masa don tausayi. Wannan ya fi ƙunar hannun zafi.

Ya gama ɗaurin. Ya cika tankin har ruwa ya fito ta famfo ba iska, ya ɗaga hannun sabon bawul ya ga ya tsiyaya, ya haɗa masa ɗan bututu zuwa magudana don kada ƙasa ta sake jiƙewa. Aka mayar da wuta. Sai ya zaro sukundireban, ya ɗora tsininta a jikin hitar, ya juya mariƙin wajen surukin.

"Sa kunnenka. Me ka ji?"

Surukin ya saurara, ya fara sunkuyar da kai zai amsa, ya tuna, ya ɗago.

"Kamar ƙudan zuma, Baba. Daga nesa."

Suka tsaya a siririn banɗakin kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na sauraro, ɗaya na kallon jar fitilar. Ba wanda ya ɗaga yatsa. Sun daɗe a haka, har Mai Kunne ya fara zargin sabon mai gadin ma, gumi na bin bayansa. Can fitilar ta mutu da kanta. Surukin ya juyo ya ce ya ji ta yi ƙas.

Har yanzu yana fita gyara, da mita a saman jaka, matarsa a bayan babur in wurin da nisa. Wasu gidajen sun daina kiransa da labari ya zaga, sunan kuwa ya ƙi barinsa, har yara na kiransa da shi a bayansa suna dariya, ba ya ji. An mayar da bahon yarinyar ɗaya kusurwar. Duk da haka, in ya je gidan Auta ba ya zama sai ya wuce banɗaki ya durƙusa ya leƙa hancin hitar, ya ɗaga hannun bawul ya ga ruwa, Amaryarsa na tsaye a bayansa tana gaya masa ta fasa auren. Sai ya miƙe, ya goge hannu a wando, sannan ya fito ya amsa gaisuwa.